Gimbiyar da Kaka Ta Ɗaura wa Zane

Har yau in ƙamshin turaren wuta ya gauraya da ɗumin talabijin, sai zuciyata ta gudu ɗakinmu na unguwar Ruwais, can ƙasar Larabawa, ta kasa zama wuri ɗaya.

Lokacin zafi ne, iskar teku ta yi nauyi kamar jiƙaƙƙen zane. Babana ya dawo daga dako a tashar jiragen ruwa da kaset ɗin katun a hannu. "Yalla, ga gimbiya Balarabiya." Kai mai karatu, ba ka san yadda na jira ta ba. Duk gimbiyoyin da nake mafarkin zama farare ne masu gashin zinariya, babu mai durƙusawa ta gaida babba, babu mai tashi in an kira salla.

Tana fitowa, cibiya a waje, Kaka ta yi salati. "Wannan 'yar ba ta da uwa ne?" Ta cire mayafinta ta ɗaura wa talabijin kamar zane. Daga wuya zuwa sama na kalli gimbiyar. Da aka kira la'asar kuwa ta ce a tsayar da kaset, baiwar Allah ta samu ta yi salla.

A saman bene muke wasan gimbiya da 'ya'yan maƙwabta, ni kullum mai yi mata fifita ce. Ranar na ce yau dai ni ce gimbiyar. 'Yar Balaraben da muke haya a gidansa ta dubi baƙar fatata. "Kin taɓa ganin gimbiya Takaruniya? Halas, zance ya ƙare, ɗauki maficinki."

Na sauko ina kuka. Kaka ba ta lallashe ni ba. Akwatin ƙarfen da ta sauka da shi daga jirgin alhazai ta buɗe, ta zaro zanen saƙi mai ƙamshin rini, ta ɗaura mini, ta murza mini ɗankwali ya tashi sama. "Hau. Kada ki yi sauri, su za su matso."

Na hau a hankali. Suka tuntsure da dariya. Na tsaya dai, kaina a sama. Can 'yar mai gidan ta matso, ta shafa bakin zanen, ta tambaya ko zan ara mata. Na miƙa mata maficin.

Yanzu a Aziziyya nake da 'yata, wadda ke jin Hausa ta amsa da Larabci. Gimbiyoyinta na talabijin sun yi yawa, har da baƙa guda. Ina zama bayanta ina ta zuba ido, ko wata za ta ɓullo da ɗaurin Kaka. Shiru har yau. Jiya na gwada mata zanen, saura kaɗan ya daina jan ƙasa.