Fuskar da Ba Ta Fito a Mujalla Ba

A ofishin mujallarmu ta likitanci da ke birnin Daegu na Koriya ta Kudu, kafin kowa ya iso, Malama Pyo Mal-sun ta riga ta dafa shayin sha'ir ta zauna gaban na'urarta. Aikinta shirya hotuna ne. Huhu, ƙashi, ƙurji, kumburi, duk abin da likita ya ɗauka a jikin majiyyaci sai ya bi ta hannunta kafin ya shiga shafi. Sunanta bai taɓa hawa kan maƙala ba. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ni kuwa na ƙi yarda ta sulale shiru kamar yadda take so.

Lokacin da ta fara, marubutan mujallar ne kawai ke karanta ta, su ɗin ma kowa shafinsa yake dubawa. Yau likitoci daga ƙasashe masu nisa rububi suke yi a buga musu bincike, kuma duk mai waya yana iya buɗe ta kyauta. Muna ta murna, ita hankalinta ya ƙi kwanciya. Al'adar aikin ita ce a ja baƙin layi a kan idon majiyyaci, a ce an ɓoye shi. Ita dai ba ta taɓa yarda layin nan yana ɓoye kowa ba.

Shekarar da wani kwamiti na ƙasashen waje zai duba mu don ya sa mujallar cikin sahun manya, Likita Seok ya kawo binciken da muke tinƙaho da shi, a kan jijiyoyin tsofaffin da suka daɗe da warkewa daga kuturta. A tsakiyarsa akwai hoton wata tsohuwa, ta tallafe kumatu da guntayen yatsunta. An rufe ido, amma ga haɓa, ga tabon goshi. Pyo ta ƙi tura shafin maɗaba'a. Babban edita, Farfesa Gil, ya same ta a tsaye ya ce tsohuwar ta amince tuntuni, kuma idan fitowar ta makara, kwamiti zai ture mu gefe.

"Farfesa, ta amince a ɗauka. Amma ta san inda hoton zai je?"

Ya ba ta wa'adi zuwa yammacin washegari ta je ta tambayo. Likita Seok da kansa ya yi mata kwatancen gidan yana murmushi, ya ce ta je ta sha wahalar banza, tsohuwar nan ba ta taɓa ce masa a'a ba.

Ta hau mota ta yi kudu. Ta tarar da tsohuwar a tsakar gida tana shanya jan barkono. Bayan gaisuwa ta miƙa mata hoton, tsohuwa ta daɗe tana kallo.

"Wannan ai ni ce, 'yar nan. Ko karen maƙwabta zai gane ni. Su wa ke karanta abin naku?"

Da ta ji cewa likitoci ne, sai ta zauna daɓas a kan tabarma. Jikarta za ta yi aure bayan girbi, uban ango kuma likita ne a garin. Duk zuri'ar, har jikar, abin da suka sani shi ne injin casar shinkafa ne ya cinye yatsun. Cutar ta warke tun kafin a haifi uwar yarinyar, amma tsohuwa ta taɓa ganin an fasa aure saboda sunan cutar kawai.

Duk da haka ta ce a bar shi ya fito. Likita Seok ya yi shekaru yana wanke mata gyambo, da wane baki za ta hana shi? Pyo ta gane kunya ce kawai ta sa ta faɗi haka. Ta san idan ita ce ta koma ta ce a cire hoton, Seok zai kwashe bincikensa da hoton ya kai wa wata mujalla. Dole ya ji daga mai fuskar. Ta kira shi, ta riƙe wa tsohuwa wayar a kunne.

Tsohuwa ta rusuna wa wayar kamar yana gabanta. Ta tambayi iyalinsa, ta tambayi gajiya, ta yi maganar ruwan sama, tana ta kewaye-kewaye. Har ta fara sallama, sai ta tsaya.

"Likita, ba ka taɓa neman abu na hana ka ba. Amma fuskar nan ba tawa ba ce ni kaɗai, jikata ma da ita take yawo."

Seok ya ce a ba shi Malama Pyo. Muryarsa a bushe ya ce ta cire hoton, zai sake rubuta sashen.

Fitowar ta makara. Kwamiti ya ɗage mu zuwa wani zagayen, kuma an daɗe a ofis wasu ba sa zama cin abincin rana kusa da ita. Ba ta kare kanta ba, don kare kai sai da tona asirin da ta je rufewa. Sai bayan shekaru, mujalla ta riga ta shiga sahun, ta ba mu labarin, shi ma babu suna.

Malama Pyo, ke ce mai ganin mutum a inda muke ganin cuta. Ke ce kika sa yau ba ma buga hoton kowa sai mai shi ya gani da idonsa, ya san inda zai kai. Mujallar ta yi suna, amma ni abin da ya fi sa ni alfahari da ita shi ne shafin nan da ya fito babu hoto.

Da na zauna rubuta wannan, na tambaye ta sunan ƙauyen. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "An yi bikin. Iyakar abin da za ka samu ke nan."

Ku da za ku gaji kujerarta, kafin ku tura hoto ku tambayi kanku wa zai gane mai shi. Mun gode, Malama Pyo. Akwai wani gida a kudu da ake zaman lafiya, kuma a can ba wanda ya san ke ce sanadi sai tsohuwa guda.