Jijiyar da ke bin zare

Har yanzu ba na iya jan guga. Da na ji igiya tana gogar bakin rijiya sai hannuna ya kama rawa, don ƙarar da na ji ke nan kafin igiya ta tsinke da yayana a rijiyar da yake yasa, kusa da Kanan-Bakashe. Abinci na kai masa. Ina tsaye da kwano aka fito da shi, idonsa biyu, yana magana, amma ƙafafun kamar ba nasa ba.

A asibitin Tasawa aka yi masa hoto. Likita ya ce ƙashin baya ya tsage ya danne laka, amma ba ta katse ba. A kwantar da shi bisa katako, kada a ja, kada a murɗa.

Mu kuwa a gidanmu ba a taɓa karaya an ƙi kiran mai ɗori ba. Shi ya ɗora hannun Baba, shi ya ɗora ƙafata ina ƙarama: maza su danne ka, ya ja har ƙashi ya koma, ya jera karare ya ɗaure, ya yi tofi. Gwaggo, yayar Baba, wadda ba a tsallake maganarta, ta aika masa tun kafin mu dawo gida. Zai zo ranar kasuwa. Na faɗa mata abin da likita ya ce.

"Ke da kika faɗi jarabawar bak," in ji ta, "ke za ki koya mini ƙashi?"

Ana gobe kasuwa da hantsi, ɗiyar kawuna ta kira ni ta bidiyo. Karatu take a ƙasar waje, wuni take a labo, ɗakin binciken kimiyya. Na yi ta kuka ina ba ta labari. Ta bari na gama, sannan ta ce in share ido, za ta turo mini abin da take reno a can.

Da farko raga kawai na gani, ta zaren siliki, da wasu ɗigo-ɗigo a kanta. Ta ce ƙwayoyin asali ne na jijiya, jarirai, ba su riga sun zama komai ba. An ɗauki hoton a hankali, aka sa shi gudu. Sai ɗigo ɗaya ya fitar da hannu siriri, ya lalubi zare, ya kama, ya bi shi. Wani ya taho daga can gefe. Suka haɗu.

Na miƙe tsaye ban sani ba. Abin da malaminmu na makarantar lise ya zana da alli, mai kama da busasshen itace, ga shi da rai yana tafiya. Na maimaita ya fi a ƙirga. Tun ranar rijiya ban yi dariya ba sai lokacin.

"Kada ki ce wa Yaya an samu magani," ta ce. "Ko kan ɓera ba mu gama ba."

Na ruga wurin Gwaggo, tana ɓarar wake a inuwa, na sa mata wayar a gaba.

"Mi ne ne wanga, tsutsa?"

"Jijiya ce, Gwaggo."

"Sake." Ta matso da ido. "Yaɗo ne ai. Wake ya samu kara." Ta ɗaga murya ga wayar. "Ke, duk nisan nan noman wake kika tahi yi cikin kwalba?"

Ɗiyar kawu ta yi dariya, ta ce irin su ne cikin bayan Yaya, sun fi gashi sirantaka, kuma nasa ba su tsinke duka ba. In aka ja shi, ba ta san abin da zai rage ba.

Gwaggo ta sake kallo, ta koma ɓarar wakenta.

Washegari mai ɗori ya zo da kararensa da ƙarti biyu. Ina bayan ƙofa. Gwaggo ta tare shi a zaure.

"Malam, tofi za ka yi. Ba ja."

"Hajiya, ɗori ba ja?"

"Hannun ƙanena ka ja, na gode maka. Wanga a'a."

Ya yi ƙunƙuni, ya shiga, ya yi tofinsa, aka ba ƙartin fura suka tafi.

Yaya yana nan bisa katako, ba wanda ya yi mana alkawarin komai. Bayan sun fita ya ce in nuna masa waken da ya cece shi daga hannun ƙarti. Na riƙe masa wayar saman fuska.

"Ƙanwata, riƙe da kyau mana," ya ce. "Su ke motsi, ko ke?"