Zoɓon 'Yar Fari

A unguwar Takur, in za a yi suna ko walima, ba a sayen zoɓo sai an ji ta bakin Gwaggo Asma'u. 'Yar manoman zoɓo ce daga wajen Taura, ta tashi yatsunta jajawur da aikinsa, aure ya kawo ta Dutse. Ba ta sayarwa. Ɗanɗanawa kawai take yi ta faɗi gaskiya, kuma bakin nan nata ba ya ragawa kowa.

Za ta ɗaga kofi ta duba launi, ta shinshina, ta kurɓa. "Wannan an cika masa kanumfari, sai ka ce maganin haƙori." Ko ta ce, "Wannan ruwan wankin jan zani ne aka sa wa sukari." Gora mai ƙyalli ba ta ruɗa ta. In na leda mai araha ne ya yi daɗi, shi za ta ce a saya.

Sai ga 'yarta ta fari, Rukayya, ta kama sana'ar bayan rasuwar mijinta, don ta riƙe marayunta. Nan fa ake yin ta! Gwaggo mutuniyar da ce mai kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunan yarinyar nan ba, "waccan" take cewa, balle ta yabe ta a gaban jama'a. Duk wadda ta tambaye ta zoɓon Rukayya, sai ta kau da kai ta ce ita ba ta sani ba. Matan unguwa kuwa, Allah ya shirye su, suka ce tunda uwa ma ta kasa yabawa, ai magana ta ƙare. Zoɓo ya riƙa kwana har ya lalace. Abin tausayi, Rukayya ba ta taɓa yi wa uwarta ƙorafi ba, sai dai ta fara neman mai sayen firjinta.

Da maƙwabciyarsu Hajiya Safina ta tashi walimar saukar Alƙur'ani ta ɗanta, ta tara masu zoɓo a tsakar gidanta, aka kira Gwaggo. Ta kushe wannan, ta ɗan yaba wancan. Sai Hajiya ta miƙo kofin ƙarshe, ta sassauta murya.

"Wannan na 'yarki ne, Gwaggo. Ba sai kin ce komai ba, mun riga mun gane."

"Kun gane me?"

"Ai mun san ba kya son ki kunyata ta ne."

Nan Gwaggo ta farga. Ashe kunyarta ce take cin abincin jikokinta! Ta kurɓa, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi magana daga ciki.

"Tsaminsa daidai. Citta ba ta danne shi ba, abarbar sai ka haɗiye kake jin ta. Kuma ya fi duk waɗannan araha. Ban sha kamarsa ba a garin nan."

"Na wa za mu saya ke nan?" in ji Hajiya, da gangan.

Gwaggo ta ce, "Na Rukayya."

Rukayya na tsaye a bakin zaure da kular zoɓonta a hannu. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunanta a wannan bakin ba. Ba kiranta aka yi ba, amma ta ajiye kular ta ce, "Na'am, Inna."