Inda Mezyan Ya Bar Ciyawa

Yayana Mezyan bai iya hira ba, bai iya ciniki ba, ko ƙwai bai iya soyawa ba. Abu ɗaya ya iya a duniyar nan, yankan ciyawa a kan gangare. Ni ce autar gidanmu, Sakura, kuma tun da matarsa ta rasu ni nake kai masa abinci, don haka kada wani ya ce mini ban san shi ba.

Shekara ashirin ya yi yana gyaran manyan motoci a babban birnin Aljeriya. Masu dawowa ƙauyenmu na kan duwatsun Jurjura sukan zo da firji da talabijin, shi kuwa sai ga shi da wata tsohuwar 'yar tarakta, da kaɗan ta fi alfadari tsawo, da injin yanka ɗaure a bayanta. Aka yi ta yi masa dariya. Dariyar ba ta kai shekara ba, domin babbar tarakta ba ta shiga tsakanin itatuwan zaitun, balle ta hau tudunmu. Ciyawa kuwa bayan ruwa takan kai ƙirjin mutum, zuwa watan Yuni ta bushe ƙamas, guntun taba ɗaya ya isa ya cinye abin da kakanni suka dasa. Da can gayya ake yi da lauje. Yanzu samarin suna Faransa, sai hotunansu a bango.

Haka Mezyan ya zama mai yankan ciyawar gari. Ba ya taɓa ratsa gangare a kaikaice, sai dai ya hau a miƙe da ƙaramar giya, ya sauko da baya, kamar mai saukowa daga tsani. Tayoyin baya ruwa yake cika su da shi don su yi nauyi. Na sha tsayawa a ƙasa hannuna a ka ina salati, shi ko a jikinsa.

Mu ba ma yin shinge. Dutse ake binnewa a iyaka, da kyar kansa yake leƙowa, bayan 'yan shekaru ƙasa ta rufe shi. Mezyan ya san su duka, domin tun yana yaro babanmu yake jansa zagayen gonaki. In ya zo iyakar mutum biyu, sai ya bar siririn layin ciyawa bai yanka ba. Tsofaffin da suka san duwatsun suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har aka wayi gari in biyu sun yi gardama sai a ce a je a duba inda Mezyan ya bar ciyawa, magana ta ƙare. Ba shi da 'ya'ya, ba shi da gida mai bene. Wannan yardar ita ce dukiyarsa.

Yana da aboki ɗaya, Arezki. Rana ɗaya aka yi musu kaciya, benci ɗaya suka zauna a makaranta. Arezki mai baki ne, irin wanda zai sayar maka da jakinka ka yi masa godiya, amma ban taɓa ganin sharri a tare da shi ba. Gonarsa tana maƙwabtaka da ta Nna Farruja, wato Inna Farruja, tsohuwar da mijinta ya rasu ya bar mata itatuwan zaitun goma sha biyu, huɗu daga ciki a bakin idon ruwa, su ne masu ba da man kirki.

Shekara shida da suka wuce na ga Mezyan ya tsiyaya gahawa a gefen kofi maimakon ciki, ya ci gaba da tsiyayawa. Ni da Arezki muka kai shi wurin likita a birnin Tizi Uzu. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, jijiyar idon ce take mutuwa, kuma ba ta dawowa. A hanyar gida Mezyan ya sa muka rantse ba za mu gaya wa kowa ba. Ya san ranar da gari ya ji, ranar zai sauka daga taraktar nan har abada.

Arezki ne ya kawo dabara. Mezyan yana iya ganin fari a cikin kore, saboda haka shi Arezki zai riƙa sa farar riga yana tafiya a gaba, wai yana duba ramuka da sanda.

“Kai dai bi ni, tsohon jaki,” in ji shi. “Inda na tsaya ka tsaya. Ka samu idanu biyu kyauta, har sun fi naka na da kyau.”

Mezyan ya yi dariya har da hawaye. Ni kuwa, wawuya, a makon nan na dafa kuskus da naman ɗan akuya na kai gidan Arezki, ina sa masa albarka. Duk lokacin da na tuna kwanon nan sai raina ya ɓaci.

Shekara biyar ana haka. Gari yana yabon zumunci, ana cewa ga abokai na gaskiya. Ranar nan lokacin tsinkar zaitun, sai ga Nna Farruja ta shigo mini tana haki. Ta ce ta je shimfiɗa raga a ƙarƙashin itatuwanta na bakin ruwa, ta tarar matar Arezki ta riga ta shimfiɗa tata, har tana nuna mata layin ciyawa.

“'Yata, ni ban ce yayanki ya yi ƙarya ba,” in ji ta. “Amma itace ƙafa gare shi? Bara itatuwa biyu suka tsallaka, na yi shiru na ce tsufa ne ya ruɗe ni. Bana duka huɗun.”

Ta kai ƙara wurin dattawan gari, suka sa ranar Juma'a bayan salla.

Ranar Alhamis da la'asar Arezki ya zo gidan Mezyan da kwandon busasshen ɓaure. Ina tsakar gida ina wanke-wanke, kuma ban toshe kunnena ba. Ya yi ta zagaye-zagaye, daga baya ya ce gobe ba wani abu ba ne, Mezyan ya ce layin daidai yake, shi ke nan.

Mezyan ya ce, “Daidai yake?”

“Kai ka yanka, ni me na sani? Tsohuwar nan ko tsinkar ba ta iyawa, rabi a ƙasa yake ruɓewa.”

“Arezki, tambayarka na yi.”

“To ni ma bari in tambaye ka. In ka ce ba daidai ba ne, za su ce me ya sa. Me za ka ce musu? Wa zai sake barin ka hau gangarensa?”

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ashe kowace shekara taku biyu yake ƙarawa cikin gonar tsohuwa, Mezyan yana binsa da zuciya ɗaya. Kuma tun farko ya gama lissafinsa, ya san yayana ba zai iya tona shi ba sai ya tona kansa. Bayan ya fita na ɗauki kwandon na juye wa awaki. Mezyan yana zaune hannuwansa a kan gwiwa.

Mata ba sa zama a taron dattawa, amma ranar ba a daɗe a zaure ba. Mijina ya ce da aka tambayi Mezyan, cewa ya yi a je gonar. Muka bi su daga nesa, mu da Nna Farruja.

A bakin idon ruwa yayana ya durƙusa, mutum mai shekara sittin da bakwai, ya fara rarrafe cikin laka yana lalube da hannu. Ya faro daga ginin bakin ruwan, ya wuce itace na farko, na biyu, har na huɗu, ya shiga cikin abin da Arezki yake kira nasa. Can ya tsaya ya tona da yatsu. Ga dutsen nan zaune inda kakanninmu suka binne shi, taku goma cif daga layin ciyawa. Arezki bai ko wahalar da kansa ya ciro shi ba, don ya san ba mai dubawa.

Babban dattijo ya kira shi da laƙabin girmamawa, ya ce, “Dda Mezyan, ka san yana nan, me ya sa ka wuce shi?”

“Ba na gani,” in ji Mezyan. “Shekara shida ke nan. Farar riga nake bi.”

Kowa ya juya wajen Arezki. Na ɗauka zai sunkuyar da kai. Ina! Sai ya girgiza kai irin na mai tausayi.

“Kun ji da kunnenku. Ina nuna masa nan yana karkata can. Kunya ta hana ni faɗa, abokina ne. Asirinsa na rufa, yau ga sakayyata.”

Da Nna Farruja ba ta riƙe mini zane ba, da na kunyata matan garinmu a ranar. Aka mayar mata da itatuwanta. Arezki ko tarar kirki ba a ci shi ba, wai ba a san zuciyarsa ba. Yayana kuwa dattawa suka roƙe shi da girman Allah ya ajiye tarakta, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Duk wanda ya taɓa rasa gardama sai ya fita da fartanya yana tone-tone, yana cewa wa ya sani, ƙila tasa ma makaho ne ya yanka. Ba a samu kuskure ko ɗaya ba sai na gonar nan, amma ba wanda ya zo ya gaya wa Mezyan haka.

Yanzu ba ya zuwa ko'ina sai masallaci, da sanda. Juma'ar da ta wuce na je tarbarsa a bakin hanya. Yana fitowa Arezki ya matso a gaban jama'a, ya miƙa masa hannu, murya a sanyaye.

“A hankali ɗan'uwa, matakala uku ce.”

Uku ɗin ce kuwa, yayana ya fi shekara sittin yana taka ta. Amma ya tsaya cak, mutane suna jira a bayansa. Ya miƙa sandarsa ya ƙwanƙwasa ta farko, ya ƙwanƙwasa ta biyu, ya ƙwanƙwasa ta uku, sannan ya sauko shi kaɗai.