Addu'ar Iya Ladi

Ranar Laraba da hantsi, ina tsaye a bakin titi ina jiran motar haya ta danfo zuwa kasuwar Mile 12, wayata ta yi ƙara. Ladi ce, 'yar matar da ta koya mini aiki. Ba ta gaishe ni ba, ba ta tambayi yara ba, abin da ba halinta ba ne. Cewa kawai ta yi, "Anti Balki, Mama ta tafi gida." Na san abin da wannan magana take nufi a bakin Kirista, amma sai na ji kaina ina tambayar ta wane gida. Kwandasta yana ta kiran fasinja a kaina. Na juya na koma unguwa da kwandona babu komai a ciki.

Sunan mahaifiyar Ladi na yanka Rifkatu, amma ba kowa ya san shi a unguwarmu ta Agege ba. Iya Ladi ake ce mata. Yarabawa ne suka fara kiranta haka, mu ma muka ɗauka. Bahaushiya ce daga wani ƙauye a ƙasar Katsina, a gidan Kirista aka haife ta, ta koyi aikin ungozoma a asibitin mishan, sannan ta biyo mijinta Malam Bitrus zuwa Legas lokacin yana aikin soja. Da ya rasu ba ta koma arewa ba. Ta kama ɗakuna biyu a layinmu, ta sa gadaje uku da ma'aunin jarirai, ta ci gaba da karɓar haihuwa. Ni kuwa Bilkisu, haifaffiyar Agege, Musulma 'yar Musulmi, a hannunta na koyi wannan aiki, kuma a gefenta na tsaya har ƙarfinta ya ƙare.

Ranar da mahaifina ya kai ni wurinta, ba ta dubi takarduna ba. Hannuwana ta kama ta jujjuya, ta ce in je in yanke farce in dawo. Mace ce mai faɗa, ba zan ɓoye ba. Na sha ganin ta tsare magidanci a bakin ƙofa tana wanke shi tas saboda ya bar matarsa tana ɗaukar ruwa da tsohon ciki, shi kuma yana sunkuye yana ba da haƙuri. Ta fi shekara talatin a Legas, amma Yarabancinta bai taɓa miƙewa ba, da harshen Katsina take yinsa, matan kasuwa suna dariya ita ma tana taya su. Idan haihuwa ta zo da gardama ba ta jinkiri, da kanta take tare mota ta raka mace babban asibiti. Takan ce mini, "Ki san inda iyawarki ta tsaya, Balki. Girman kan ungozoma uwa ce take biyansa."

A bayan ƙofar ɗakin akwai buta da tabarma, ta ajiye su ne domin mu. Da ta ji ladan ya kira azahar sai ta karɓi abin da ke hannuna ta ce, "An kira ku, je ki, zan riƙe." Da azumi ba ta cin abinci a gabana, ko da na ce mata ba komai. Ta san watan Sallah fiye da wasunmu, domin ita take lissafa wa mata ranakunsu.

Akwai kuma abin da ba ta taɓa fasawa ba. Kafin ta taɓa mai naƙuda, za ta wanke hannu har gwiwa, ta rufe ido, ta ce da muryar da duk wanda ke ɗakin zai ji, "Ya Uba, rai biyu ne a gabana, ka raba su lafiya, cikin sunan Yesu." Iyakarta ke nan. Idan ɗa ya faɗo ta wanke shi ta naɗe, sai ta aika a kira uban ya yi masa kiran sallah a kunne. Samarin da ruɗewa ta sa suka manta, ita take tuna musu. Shekaru aka yi a haka, babu wanda ya ce uffan.

Sai wata shekara rikici ya tashi a arewa tsakanin Musulmi da Kirista. Mu muna nan nesa, amma waya ta kawo mana shi har cikin ɗaki. Kowa yana kallon gawawwakin nasa, kowa yana tura wa nasa. Gaisuwa ta yi sanyi a layinmu. A cikin wannan yanayi wani matashi mai wa'azi, baƙo a unguwar, ya faɗa a bainar jama'a cewa akwai wata mata da take yi wa jariran Musulmi baftisma da ruwan wanka, tana karanta musu abubuwa. Bai ambaci suna ba, kuma babu bukata. Kafin mako ya zagayo, mun iske an rubuta mata mummunar kalma da gawayi a ƙofa. Na ɗauko tsumma, ta karɓe ta ce ƙofarta ce, ta goge da hannunta.

Dattawan unguwa suka aiko a kira ta. Bayan la'asar aka zauna a zauren Alhaji Sani mai goro, wanda ita ta karɓi haihuwar jikokinsa da yawa. Ta ce in raka ta. Da na ga ta ɗaura zanen matan cocinsu, mai hoton gicciye a jiki, na roƙe ta ta sake wani. Ta ce ai sun san ko ita wace ce, in ta sake kaya za ta yi kama da mai laifi.

Ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta zauna a gefe. Alhaji Sani ba ya neman wulaƙanta ta, hanyar fita yake nema mata. Ya yi magana a hankali, ya tuna alherinta, ya ce, "Iya Ladi, ke tamu ce, harshenmu ɗaya, garinmu ɗaya. Abu guda muke roƙo. Wannan addu'a ki riƙa yin ta a zuci, magana ta mutu a nan." Wani dattijo a gefensa ya ƙara da cewa, abin da ya fi ma shi ne ta karɓi kalmar shahada, ta zama tasu gaba ɗaya, kowa ya huta.

Ta ɗago kai ta dubi Alhaji Sani. Sannan ta yi magana kowa yana ji.

"Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ban taɓa yi wa ɗan kowa baftisma ba. A wurinmu ba a sato mutum a kai wa Yesu. Ruwan da nake wanke yara da shi na famfo ne, da sabulu. Amma addu'a ina yi, kuma ga abin da nake faɗa." Sai ta maimaita ta daga farko har ƙarshe, da sunan Yesu a ciki, a tsakiyar zauren nan. "In na koma yi a ɓoye, gobe za a ce me take ɓoyewa. Wanda ya riƙe ni ranar da aka kawo mini gawar Bitrus, ba zan ji kunyar sunansa don in zauna lafiya ba. Wadda ba ta so, ta faɗa mini, ni zan raka ta wani asibiti da ƙafata."

Ta juya ga dattijon da ya yi mata tayin Musulunci ta yi masa godiya. Ta ce ta san abin da ya fi daraja a wurinsa ne ya miƙo mata, ita ma ta sha yi musu fatan nata a zuciya, don haka kada ɗayansu ya ji haushin ɗaya. Mai wa'azin yana wurin, ya tambaye ta kai tsaye ko tana cikin masu cewa Allah yana da ɗa. Ta ce ita ba malama ba ce, ba ta zo yin muhawara ba, amma abin da ke cikin Littafinta ta gaskata shi, kuma ba za ta musanta ba ko a nan ko a wani wuri.

A nan ne Alhaji Sani ya dube ni. Ya ce, "Bilkisu, ke Musulma ce, kina wurin kullum. Me kika gani?" Na ɗaga kai na ga abokan mahaifina, na ga yayan mijina a bakin ƙofa yana kallona. Na san gaskiya sarai, da hannuna nake ɗebo ruwan. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, ni dai aikina nake yi, ban cika lura ba. Aka tashi ba tare da hukunci ba, aka ce kowane magidanci ya duba abin da ya dace da gidansa.

A hanyar komawa na yi ta jiran ta yi mini faɗa irin nata. Ba ta yi ba. Ta tsaya wurin mai gasa masara ta saya mana guda biyu, ta tambaye ni ko na tafasa almakashi kafin mu fito.

Watanni suka biyo baya gadaje babu kowa. Duk da haka kowace safiya sai ta share ɗakin, ta tafasa kayan aiki, ta shimfiɗa zanen gado mai tsabta. Wasu daga cocinsu suka matsa mata ta bar unguwar. Wasu suka ce ta tsaya a gaban jama'a ta ba da shaida a kan tsanantawar da Musulmi suke yi mata, a ɗauka a waya a watsa. Ta ƙi. Ta ce musu, "Waɗanda kuke so ku nuna wa duniya, ni na yanke musu cibiya. Abu ɗaya na ƙi musu, ban ce na rabu da su ba." Da take ba ni labari dariya take yi, tana cewa yanzu ta samu masu fushi da ita ta gaba da ta baya.

Wadda ta karya abin ita ce Hajiya Ummi, yayar Alhaji Sani, tsohuwar da babu mai iya tanka mata. Da rana tsaka ta riƙo hannun jikarta mai naƙuda, ta bi tsakiyar layi a hankali, tana amsa gaisuwar kowa don kowa ya gan ta. Ta shigo ta nemi kujera, ta ciro carbinta ta ce, "Rifkatu, yi taki in yi tawa." Kafin la'asar aka samu 'ya mace. Daga nan mata suka fara dawowa da ɗaiɗai. Wasu gidajen ba su sake turo kowa ba har yau, kuma ba ta daina gaishe su ba.

Ni kuwa sai da na yi shekara biyu maganar zauren nan tana cina. Wata rana muna ninke zannuwa na ce mata, Mama, ranar nan ƙarya na yi. Ta ce, "Na sani mana, ai ina wurin." Ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa ina kuka. Da ta natsu ta ce, "Tsoro ne, ni ma na ji shi. Amma wata rana za a sake tambayarki game da wani, ki shirya amsarki tun yanzu." Washegari na je na sami Alhaji Sani a rumfarsa na faɗa masa abin da ya kamata in faɗa tun farko. Ya ce ya daɗe da sani, amma gara da na faɗa da bakina.

Ba ta taɓa cewa in bar addinina ba, ni ma ban taɓa cewa ta bar nata ba. Mun sha zama tana tambayata game da Maryamu a cikin Alƙur'ani, ina faɗa mata, ta ce nan mun yi daidai, nan kuma mun rabu. Ba ta yarda a shafe wurin da muka rabu ɗin don a faranta wa kowa rai.

Ciwon suga ne ya kwantar da ita a gidan Ladi. Ganina da ita na ƙarshe idonta ya riga ya dushe, amma sai da ta lissafa mini matan layinmu masu ciki, ta ce in sa ido a kan wata Hauwa, ƙafafunta suna kumbura. Ranar jana'iza cocin ya cika. A waje, a ƙarƙashin rumfa da tsallaken titi, mata ne masu hijabi zaune da goyo, wasu da 'yan mata waɗanda su ma a hannunta suka faɗo. Yawancinsu ba su shiga ba, amma ba su tashi ba har aka fito da ita.

Na san akwai abin da malamanmu suka faɗa game da addu'a ga wanda ya rasu ba a kan addininmu ba, kuma ban rubuta wannan don in yi jayayya da kowa ba. Abin da na gani na faɗa, hukunci ba nawa ba ne. Na bar Mama a hannun Ubangijin da ya halicce ta, wanda ya san abin da ke zuciyar kowane bawa, wanda rahamarsa ta fi sanina faɗi, kuma ba ya zaluntar kowa ko da ƙwayar zarra. Allah ya ba Ladi da ƙanenta Yakubu haƙuri, ya haɗa kansu, ya raya musu 'ya'yansu a kan gaskiya. Allah ya sanyaya zukatan matan Agege da suka yi rashin uwa. Ya kare unguwarmu daga fitinar da ake kawo mana daga nesa da wadda muke tayarwa da kanmu. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da kyau. Amin.