Tukunyar da Aka Fasa wa Inna

Ni mai kitso ce. Babu kan macen da bai ratsa tsakanin gwiwoyina ba a ƙauyenmu, can gefen Sandamu. Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka gashi kawai muke kamawa. Ina! Kunne muke kamawa. Mace ta zauna ta sunkuyar da kai, ba ta da wurin gudu, duk abin da kika zuba mata da shi za ta koma gida. Da wannan na yi yaƙina, kuma zan faɗi yadda aka yi ba tare da na wanke kaina ba.

Haihuwata ta fari ta zo a shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a, lokacin da hijabi ya fara sauka har gwiwa, kowa ya zama malami a bakin kasuwa. Ina gidanmu goyon ciki naƙuda ta kama ni. Tun safe har azahar shiru, ungozoma ta ce wannan ya fi ƙarfinta. Baba ya nemo mota aka kai ni wani ƙaramin asibiti a hanyar Daura. Inna ta shiga motar rungume da wata 'yar tukunya sabuwa, ƙunshe a cikin zani.

Tukunyar ta mabiyiya ce, abin nan da ke biyo jariri bayan ya faɗo. A gidanmu ba a wasa da ita. A wanke ta, a sa a tukunya, a binne a bayan ɗaki inda mai jego za ta riƙa wanka. Inna kan ce abokiyar tafiyar mutum ce, wata tara suna ɗaki ɗaya, ba a yar da ita kamar tsumma.

Nas ɗin da ta karɓe ni doguwa ce mai haƙorin Makka, kayanta fari tas. Bahaushiya ce kamata, 'yar birni, ta san komai sarai, kada wani ya ce mini rashin sani ne. Allah ya sauke ni lafiya, namiji. Inna ta leƙo ɗakin, ta durƙusa har ƙasa, tsohuwa ta durƙusa wa sa'ar 'yarta, ta miƙa tukunyar.

"Malama, don Allah a sa mana abin a nan."

"Wane abin?"

"Mabiyiyar."

Sai matar nan ta kwashe da dariya, ta ƙwala wa abokiyar aikinta kira. "Zo ki ga ƙauyanci! Ke tsohuwa, ana zamanin Shari'a kina yawo da tukunyar tsafi? Ko miya za ki yi da ita?"

Inna ta ajiye tukunyar a ƙasa don ta yi bayani. Matar ta sa takalmi ta ture ta, ta gangara ta daki ƙafar gado ta rabe uku. Sannan ta ɗauki tasar da mabiyiyar ɗana ke ciki ta juye a bokitin shara, kan auduga da tsofaffin allurai, ina kwance ina kallo.

Inna ta sunkuya tana tsince gutsattsarin. Kun san abin da ta ce? "Yi haƙuri, Malama." Ita ce ma ta ba da haƙuri! Wannan kalmar ce ta tsaya mini a rai, har yau ba ta wuce ba.

Da muka koma gida Inna ta haƙa rami a bayan ɗaki ta binne gutsure biyu, babu komai a ciki. Na ukun ni na ɓoye shi a kwandon kitsona. Baba ya je ya tambayi liman, liman ya ce abin da ya fita daga jikin ɗan Adam binne shi ya fi, babu tsafi a ciki. Baba ya dawo ya ce a bar wa Allah. Na ce a raina, na bar wa Allah nasa, amma ni ma ya ba ni baki.

Ina gama wankan jego na shimfiɗa tabarmar kitso. Duk wadda ta zauna sai na ba ta labarin, in ciro gutsuren tukunyar in ɗora mata a cinya. Da fari gaskiya nake faɗa. Da na ga gaskiyar ba ta sa su zabura yadda nake so, sai na fara ƙara gishiri. Na ce karnuka ake jefa wa. Daga baya na ce ai tarawa suke, wasu mutane na zuwa da mota su saya don yin asiri, shi ya sa yaran asibiti ba sa jin magana. Wallahi ban ga mota ba, ban ga kowa ba, a kan tabarmar nan na ƙirƙira. Masu ciki kuwa na fi daɗewa a kansu, in tsaga layin kitso a hankali don labarin ya shiga da kyau.

Ya kuwa shiga. Mata suka daina zuwa awo. Wata rana ma'aikatan asibitin suka zo ƙofar gidan mai gari suna roƙon a fito da masu ciki, suka wuni a rana, babu macen da ta leƙo. Ranar malmala biyu na ci don daɗi. Bayan 'yan shekaru na ji an ɗauke mai haƙorin Makka an kai ta wani gari. Tafiyarta ma haushi ta ba ni, don ba a gabana ta yi kuka ba. Na ci gaba da abina, na ce duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Akwai ƙanwata, autarmu. Da Inna ta rasu hannuna ta dawo, ni na ƙarasa rainonta. Babu wanda ya sha labarin nan kamarta. In na manta wani wuri ita ke tuna mini: "Yaya, kin tsallake motar." Mu yi dariya. Ta girma ta auri wani mai sayar da hatsi da take mutuwar so, ta samu ciki, ta zo wurina goyon ciki tunda ni ce uwar. Ni da kaina na je wurin maginiya na zaɓo tukunya, na ƙwanƙwasa ta na ji ƙararta.

Ta haihu da hantsi, ranar kasuwar Mai'adua. Mace, jawur da ita, da gashi har goshi. Muka yi guɗa. Muka zauna jiran mabiyiya, mabiyiya ta ƙi faɗowa.

Ungozoma ta ba ta kwalba ta hura. Ta hura har idonta ya yi ja. Aka turara barkono don ta yi atishawa. Shiru, sai jini. Na canza mata zani, na sake canzawa. Da na ɗaga na uku na ji nauyinsa, na juyo gare ta.

"Auta, tashi mu tafi asibiti."

Ta dube ni kamar ba ta san ni ba. "Yaya, ke da bakinki? Su sayar da ta 'yata?"

"Tashi na ce!"

Ta kama ƙafar gado ta riƙe. Matan maƙwabta da suka cika ɗakin suka goya mata baya. Wannan ta ce karnuka, waccan ta ce mota. Maganganuna ne, ɗaya bayan ɗaya, har da yadda nake jan murya in na zo wurin motar. Na durƙusa na kama fuskarta.

"Auta, ƙarya nake yi. Babu mota, babu karnuka. Tukunya kawai aka fasa. Sauran ni na ƙara, na rantse da Allah."

Ta yi ɗan murmushi, leɓenta ya yi fari. "Kina faɗa ne don in tafi, Yaya. Na san ki."

Shekara nawa ina yi mata ƙarya tana gaskata ni. Ranar da na faɗi gaskiya ta ƙi yarda.

Sai da la'asar ta kawo jiki, ƙarfin musu ya ƙare mata, sannan muka ɗauke ta. Motocin garin duk suna kasuwa. Mijinta ya tsaya a tsakiyar hanya ya tare wata a-kori-kura da ta dawo da buhuna, muka kwantar da ita a baya, kanta a cinyata.

Asibitin nan dai ne, ɗakin nan dai ne. Wata nas ƙarama ta fito da gudu. "Sannu Mama, kawo ta nan." Ta ja labule, ta rufa mata zani, ta ce wa mijin ya jira a waje, ta sunkuya tana yi wa Auta magana a kunne kafin ta taɓa ta. Suka sa mata ƙarin ruwa, suka ciro mabiyiyar, suka aika neman jini. Jinin bai iso ba. Kafin a kira magariba Auta ta cika.

Ina zaune a dakali nas ɗin ta fito, idonta ya kumbura. Ta dubi hannuna. Ashe tukunyar na rungumo tun daga gida, ban ma sani ba. Ta sa hannu biyu ta karɓa, ta shiga, ta dawo da ita a rufe da farin ƙyalle.

"Mama, ga mabiyiyar jaririyarku, na wanke ta. Mun daɗe muna tambayar kowa ko yana so ya tafi da ita. Matan garinku ne ba ma gani." Ta miƙo mini tukunyar. "Da kun zo da hantsi…"



Na binne tukunyar a bayan ɗakina da hannuna. Yarinyar ni nake riƙe da ita, yanzu har ta fara kama kitso. Duk mai cikin da ta zauna a gabana nakan ce mata ta je awo, in gaya mata ni maƙaryaciya ce, ni na ƙirƙiri motar. Wasu su je, wasu har yau su ce ai uwarsu ta ji daga majiya mai ƙarfi.

Mutane na ce mini in yafe wa mai haƙorin Makka, wai zuciya ta huta. Su yafe, ni ban yafe ba. Ban san ko tana raye ba, ban san ko ta taɓa tuna wata tsohuwa da 'yar tukunya ba. Na fi zaton ko a jikinta, ta wanke hannu ta tafi cin abincin rana. Gutsuren nan na uku yana nan a kwandona, na ce in na mutu a bar shi kusa da ni.

Na san za a tambaye ni jinin Auta, ban musa ba, ba na neman sassauci. Abu ɗaya nake roƙo bayan kowace salla: a tsayar da mu tare, ni da matar nan, Inna da Auta suna kallo. Ni zan amsa nawa. Amma ita za ta fara.