Yaya Ilu a Majami'ar Turawa

Shekarar da aka fara rusau a Nakkasa, unguwarmu a nan ƙasa mai tsarki, muka koma unguwar Tandabawi, a nan yanar ido ta rufe ni. Ɗana Sale da ke Jamus ya ce a kawo ni a yi mini aiki. Yayana marigayi Ilu magini ne ya raka ni. Kun dai san shi, ba ya wuce bango bai ƙwanƙwasa ba. Ko gaisuwar mutuwa ya je, sai ya buga bango tukun ya ce, "Siminti ya yi kaɗan. Allah ya jiƙan rai."

Muna isa na tubure. Ni Hajara da na haifi tara ba allura, ba mai sa mini wuƙa a ido. Sale ya yi magiya har ya gaji. Yaya kuwa sai cewa ya yi mu je shan iska tsohon gari.

Ashe wata tsohuwar majami'ar dutse ya hango. A bakin ƙofa ya tuɓe takalmi ya jefa a leda, kamar mai shiga Harami.

Sale ya ce, "Kawu, nan ba a cirewa."

"Ɗakin ibadar mutane ne. In su ba su da tarbiyya, ni ina da ita."

Can na ji ƙwas ƙwas a jikin ginshiƙi, mai gadi ya taso. Yaya ya ce wa Sale, "Gaya masa maginin nake nema, mu gaisa." Aka ce ai ya mutu tun kafin kakan kakanmu. Ya ce, "Na sani. Na kirkin duk sun tafi, saura ni."

Sai ya kamo hannuna. "Hajara, tagogin nan gilashi ne ja da shuɗi, sun fi gidanmu tsawo. Ga rana ta zubo launin a mayafinki."

"Ƙarya kake, Yaya."

"Halas, shi ke nan, zauna da makantarki. Duk abin da na faɗa, dole ki yarda har ki mutu."

Ni in yarda da maganar Ilu har in mutu? Satin nan na kwanta wa likita. Ana buɗe idon na ce a mai da ni can. Tagogin ba su kai gidanmu ba, na kuwa gaya masa. Amma launin gaskiya ne. Na ga ja a tafin hannuna, na yi ta kuka.

Da idon nan nake kallon Ka'aba yau. Cikin waɗanda muka shigo ƙasar nan ta Sudan tare da Yaya, saura ni da Inna Kubura ta unguwar Aziziyya. Allah ya haskaka kabarinka, Yaya.